Bayan dashen tantanin ido, kada a yi gaggawar zuwa leza

Daga kasuwar Dutsen Alhaji zuwa manyan asibitocin ido na tsakiyar Abuja tafiya ce da ba ta kai awa guda ba, kuma tallan gyaran gani da hasken leza yana riskar mai waya a ko'ina yake. Alkawarin mai daɗi ne: minti kaɗan a kan gado, a tashi a ajiye tabarau. Ga mai lafiyayyen ido da ke fama da rashin hangen nesa, sau da yawa alkawarin yakan cika. Ga wanda aka yi wa dashen tantanin ido kuwa, wato wannan fata mai sheƙi kamar gilashi da ta rufe baƙin ido, lamarin daban ne. A ganina leza ita ce matakin ƙarshe na doguwar jinya, kuma majinyaci ko gwamnatin da suka sa ta a gaba sun juya lissafin.

Dashen tantani tsohon aiki ne. Likita Eduard Zirm ne ya fara yin sa cikin nasara a 1905, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek ta yau. Ana yanke ɓangaren da hakiya ta rufe, a ɗora tantanin mamacin da ya ba da nasa kyauta, a ɗinke da zare wanda bai kai silin gashi kauri ba, sau da yawa ɗinki 16. A nan matsalar take farawa. Duk gwanintar likita, ɗinkin ba ya jan ko'ina daidai, kamar yadda ɗinkin tela kan tattare yadi ta gefe guda. Sai tantanin ya warke garau amma a karkace, haske ya riƙa watsewa, mutum ya ga fitilar babur ɗaya ta zama biyu da jela, ya kasa karanta lambar motar da ke gabansa. Leza tana gyara wannan ta hanyar kankare saman tantanin har ya daidaita, ko dai kai tsaye a aikin da ake kira PRK, ko bayan an ɗaga wani siririn murfi a aikin LASIK.

Kaurin tantanin gaba ɗaya kusan rabin milimita ne, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Shi ya sa likitocin ido ba sa taɓa tantanin dashe da leza sai an cire zaren, abin da yakan ɗauki shekara guda ko fiye, sannan a jira watanni ana gwaji har a ga ƙarfin ganin ya tsaya wuri ɗaya. Wanda aka yi wa kafin nan, siffar tantaninsa za ta ci gaba da sauyawa, gyaran ya tashi a banza. Ko an jira, bakin dashen ba ya taɓa yin ƙarfin ido na asali, kuma aikin kansa yana iya tayar da garkuwar jiki ta far wa baƙon tantanin, ko ya bar hazo a kansa. Ido da leza ta taɓa yakan bushe na tsawon watanni, ga kuma ƙurar hunturu da ta hanyoyin unguwa marasa kwalta, wadda ɗan acaɓa ko mai walda a Dutse ba shi da yadda zai guje mata.

Za a ce tabarau ba ya wadatar da irin waɗannan majinyata, kuma magidanci ba zai zauna shekara biyu yana lalube ba. Gaskiya ne, idan karkatar ta yi yawa tabarau yakan sa jiri, musamman in ƙarfin idanun biyu ya bambanta sosai. Sai dai tsakanin tabarau da leza akwai matakai. Likita yana iya cire wasu ɗinkin ya bar wasu don sassauta inda ya matse. Akwai kuma gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido, wanda ke rufe karkatar ba tare da an yanki komai ba, in bai dace ba a cire. Idan duk waɗannan sun gaza, tantanin yana da kauri, kuma babu alamar jiki yana ƙin sa, leza ta zama zaɓi mai hankali. Sharaɗin shi ne likitan da zai yi ta ya zama ƙwararre a kan tantanin ido, kuma yana kusa. Wanda ya je Indiya aka yi masa dashe, ya sake komawa don leza, ya dawo ba mai duba shi, ranar da idon ya yi ja, ya fara ciwo, haske ya dame shi, gani ya dusashe, kwanaki kaɗan na jinkiri sun isa su lalata dashen.

Wasu kuma za su ce ai kuɗin mutum ne, kuma asibiti mai zaman kansa ne ya sayi na'urar, ina ruwan gwamnati? Ruwanta shi ne abin da ya rage ba a yi ba. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kashi 84 cikin ɗari na makantar kuma ana iya kauce mata ko magance ta. Hakiya tana cikin manyan dalilan, kuma a Arewa mun san tushenta: ƙyanda, ƙarancin sinadarin bitamin A, tsinken dawa da ya soki ido a gona, da ɗiga tsime-tsimen gargajiya a idon da ke ciwo. Tantanin dashen kansa ma ba ya samuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a duniya tantani ɗaya ake samu ga kowane 70 da ake buƙata. Najeriya tana da dokar dashen tantani tun 1973, akwai bankin ido a Legas, amma masu bayarwa kaɗan ne, sai a dogara da na waje mai tsada. Addini ma bai rufe ƙofa ba, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci da izininsa ko na magadansa a zamanta na Jidda a 1988. Ƙasar Siri Lanka ta daɗe tana aika tantani zuwa ƙasashen waje saboda jama'arta sun rungumi bayarwa.

Don haka abin da ya kamata Hukumar Babban Birnin Tarayya ta sa a gaba a bayyane yake. A ƙarfafa sashen ido a manyan asibitocin Kubwa da Bwari, yadda mai dashe daga Dutse zai samu dubawa da maganin ɗigawa ba tare da ya tafi Kaduna ko Kano ba. A haɗa kai da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna a kafa bankin ido mai aiki a Arewa, malamai su yi wa jama'a bayanin hukuncin bayarwa. Shi kuma majinyaci, kafin ya biya kuɗin leza, ya tambayi likita abu uku: an cire zaren duka, ganin ya tsaya, kuma wa zai duba shi idan idon ya yi ja da tsakar dare. In ba a ba shi amsa ƙwaƙƙwara ba, ya riƙe kuɗinsa.