Zancen Iyali: Ranar Hutu Ma Aiki Ce

A 1977 'yan ƙwallon makarantar Christ the King ta Onitsha suka je Dublin, suka ciwo kofin makarantun duniya. Har yau ana irin wannan tafiya, iyaye kuwa sukan ce, "Mun biya kuɗi, ga su can suna kallon gari!"

Ku yi haƙuri, iyaye. Bayan wasa mai zafi, jiki yakan ɗauki kwana 2 ko 3 kafin ya warware. A kwanakin nan sai ɗan sassarfa, da miƙe gaɓoɓi, da isasshen barci, da yamma a zaga gari. Amma yini guda a ƙafa ba hutu ba ne. Kafin ku sa hannu a takarda, ku tambayi malamin: wasa nawa, hutu kwana nawa? Yaron da ya buga da gajiya, shi ya fi jin rauni.