A Kai Su Asibiti

Dokar da ta kafa hukumar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da hodar iblis ko makamanciyarta, ko da shi kaɗai zai sha. Ina tambayar masu kare wannan tanadi: wa ya warkar? Tun 1989 ake kamawa ana ɗaurewa, amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin UNODC suka yi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Da zarar an ce a daina ɗaure mashayi, sai a daka tsalle a ce ana neman halatta haram. Wannan karkatar da zance ne. Da Fotugal ta sauya dokarta a 2001, ba ta buɗe wa kowa kasuwa ba. Dillali har gobe kotu ake kai shi. Wanda aka samu da abin da bai wuce shan kwana goma ba shi ake miƙa wa kwamitin da ya ƙunshi masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a, su duba ko jinya yake buƙata. Kamuwa da cutar ƙanjamau a tsakanin masu allura ta ragu ƙwarai. Jihar Oregon ta Amurka kuwa ta cire hukuncin bayan ƙuri'ar 2020 tun wuraren jinya ba su kankama ba, ala tilas ta maido da shi a 2024. Wannan hujja ce a kan gaggawa, kuma na karɓe ta.

To mu me muka tanada? A 2018 gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, aka tafa mata. Waɗanda kwalbar ta riga ta kama fa? Uwar da ɗanta ya fi ƙarfinta, ga tsadar asibiti ga tsoron kamu, gidan mari take nufa. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu, har da biyan kuɗi.

Ina kira ga Majalisar Tarayya ta raba hukuncin mashayi da na dillali, gwamnoni kuma su buɗe sashen jinyar shaye-shaye a kowane babban asibiti, da ɗaki na musamman ga mata.