KAFIN KA KAFA RUMFA A INTANET, SAN MAI FILIN

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan tela, ko dukawa, ko mai sayar da turare ya ɗauki 'yan kuɗinsa ya nufi malamin makaranta ko akawun unguwarsu, ya ce a taimake shi a buɗe masa shafi a intanet don masu ciniki su same shi. Da yawa cikin masu karanta jaridar nan su ma suna da 'yar sana'arsu ta gefe. Saboda haka ya kamata mu tattauna abubuwa uku waɗanda a ke mantawa da su wajen ɗokin ganin shafi ya fito da kyau. Na fari, wa ya mallaki shafin. Na biyu, ko mai shi zai iya tashi da kayansa in zama ya ƙi daɗi. Na uku, ko ya dace ya ɓoye sunansa.

Mu fara da mallaka. Shafi abu biyu ne. Akwai suna, watau adireshin da mutane za su buga su iske ka, akwai kuma masauki, watau kwamfutar wani kamfani inda hotuna da rubutunka su ke ajiye. Sunan nan ba a sayensa a mallake shi har abada. Haya ce, daga shekara 1 zuwa 10, sai a sake biya. Sunayen da su ke ƙarewa da .com suna bin ƙa'idodin wata hukuma mai suna ICANN wadda aka kafa a Amurka cikin 1998, waɗanda su ke ƙarewa da .ng kuwa suna hannun ƙungiyar NiRA ta nan Nijeriya, wadda aka kafa cikin 2005. A wurin masu rajista, wanda aka rubuta sunansa da imel ɗinsa shi ne mai abu, ko da kuɗin wani aka biya.

To, nan ne ɓarna ta ke shigowa. Yaron da ya iya kwamfuta ya kan yi rajista da sunansa da imel ɗinsa don sauƙin aiki, ba da mugun nufi ba. Ran da suka ɓata da maigida, ko ya tafi karatu, ko ya manta ranar biya, sai tela ya wayi gari adireshin da ya buga a katinsa da ƙofar shagonsa ya fita hannunsa. In wa'adi ya wuce, wani na iya kama sunan ya ce sai an fanshe shi da tsada. Ra'ayina shi ne, duk malamin da aka roƙa wannan taimako ya tabbata an rubuta sunan mai sana'a, imel nasa ne, kalmar sirri tana hannunsa, an kuma rubuta ranar sake biya a littafin shago. Wannan amana ce, daidai da rubuta wa mutum takardar cinikin gona.

Sai batun ƙaura. Wani zai ce, me ya kai ni wannan wahala, ga Facebook da Instagram kyauta, kuma can jama'a su ke? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, gama mai ƙaramin jari ba shi da kuɗin ɓatarwa. Ban ce a bar su ba. Amma fa zanen aro ba ya rufe katara. Cikin 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, inda mutane masu ɗimbin yawa suka gina shafuna kyauta. Cikin watan Maris na 2024 kamfanin Google ya rufe ƙananan shafunan da ya ba masu sana'a kyauta. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya wajen awa shida. A nan gida kuma an tsai da Twitter daga Yuni 2021 har Janairu 2022. Duk wanda ba shi da wata ƙofa sai waɗannan, ya zauna ya rungume hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ko cikin kamfanonin da a ke biya akwai bambanci. Wanda ya gina da WordPress, wadda ta fito cikin 2003 kuma ba a hana kowa amfani da ita, yana iya kwashe shafinsa ya kai wani masauki. Wanda ya gina a Wix ya sami sauƙin gini, amma ginin ba ya ɗaukuwa, in zai tashi sai ya sake sabo. Kowanne da amfaninsa, sai dai mutum ya sani tun kafin ya shiga. Tambaya guda za ka yi wa mai masauki: ran da na so tafiya, me zan fita da shi? Ka kuma riƙa ajiye hotunanka, da rubutunka, da lambobin masu cinikinka a wurinka. Muddin sunan yana hannunka, ko masauki ya rushe, sai ka juya shi zuwa sabo, masu ciniki ba za su ma san an yi ƙaura ba.

Na uku shi ne ɓoye suna, a nan kuwa sai a yi hattara. A da, duk wanda ya yi rajista, sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa suna fili cikin wani kundi mai suna WHOIS, kowa na iya dubawa. Tun da dokar kare sirrin mutane ta ƙasashen Turai ta fara aiki cikin Mayu 2018, yawancin masu rajista sun shiga rufe waɗannan. Nijeriya ma ta yi tata dokar cikin 2023. Wannan alheri ne, musamman ga matan aure masu sana'a a cikin gida, da ma'aikacin da ba ya son kowane baƙo ya san ƙofar gidansa.

Amma rufe adireshin gida daban, ba da sunan ƙarya daban. Wanda ya yi rajista da sunan ƙarya ya saɓa ƙa'ida, ana iya karɓe sunan, kuma ran da gardama ta tashi ba shi da shaidar cewa nasa ne. Ban da haka, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce mai ciniki da wani suna wanda ba nasa na ainihi ba ya yi rajistarsa a hukumar CAC. Balle ma ciniki yarda ne. Wa zai aika da kuɗinsa ga rumfar da ba a san mai ita ba? 'Yan damfara sun riga sun sa jama'a tsoro, mai gaskiya ba shi da abin da zai bambanta kansa da su sai bayyana. Ka ɓoye gidanka, ka bayyana sana'arka da lambar waya ta shago.

Malamai da akawuna, ku ne idon jama'a cikin wannan al'amari, kamar yadda magabatanku suka zama idonsu sa'ad da takardar boko ta shigo. Ku koya wa almajiranku wannan tun suna aji. Allah ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu, amin.