Sarar Maciji a Gonakin Kura da Bunkure

Tun daga shekarar 1974 da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noma ya daina jiran damina a ƙasar Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafa da alkama da tumatur ɗin Kadawa su ke bi ta Kumbotso su cika kasuwannin birnin Kano. Amma duk inda hatsi ya yawaita ɓera kan yawaita, maciji kuwa yana biye da ɓera. Manomin da ya fita ban-ruwa da asuba, ƙafa babu takalmi, shi ne ke biyan wannan farashi da jikinsa.

Sanin dafin maciji ba baƙon ilmi ba ne a Arewa. A farkon shekarun 1970 wani likita Bature, David Warrell, ya yi bincike mai zurfi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka kuma yi irinsa a yankin Malumfashi. An gane cewa dafi iri-iri ne. Na kububuwa hana jini daskarewa yake yi, har mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da cikin ciki. Na kasa da na kumurci kumbura gaɓa suke yi su ruɓar da nama, wani lokaci sai an yanke hannu ko ƙafa. Daga irin wannan bincike ne aka samu wani gwaji mai sauƙi: a zuba jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, in bai daskare ba lalle dafi ya shiga jini. Ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya yin wannan muddin an koya masa.

Maganin ma an same shi. An ɗauki macizan Nijeriya zuwa Liverpool ta Ingila aka tatsi dafinsu, aka yi wa tumaki allurarsa a Birtaniya da dawakai a Kosta Rika, sa'an nan aka tace maganin daga jininsu. Shi ne EchiTAb, wanda aka gwada a kan marasa lafiya 400 a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, aka buga sakamakon a 2010. Cikin masu wannan aiki har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. Wato dai ƙwararrun suna nan Kano, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Kura. Abin takaici shi ne dafin na Nijeriya ne, masu ciwon 'yan Nijeriya ne, amma kwalbar maganin daga ƙetare take zuwa. Da kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin nasa maganin, Fav-Afrique, a 2014, ƙasashen Afirka sun ga illar dogaro da tukunyar wani.

Wasu kan ce manomi da kansa ke zaɓen mai maganin gargajiya, don haka ba laifin hukuma ba ne. Gaskiya ne ana ɗaure ƙafa tamau, ana tsagawa, ana manna baƙin dutse, alhali babu ɗayansu da ke kashe dafi, ɗaurin ma kan jawo asarar gaɓa. To amma talaka ba wawa ba ne. In ya tabbata zai tarar da allura a asibiti mafi kusa, kuma ba sai ya sayar da sansa na noma ba, da ƙafarsa zai je. Saran da maciji bai zuba dafi ba shi ke ɗaga sunan boka, domin mai shi zai warke ko da ba a yi masa kome ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ɗauki niyyar rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Wajibi ne Gwamnatin Jihar Kano ta ajiye wannan allura kyauta a asibitocin Kura da Bunkure, ta horar da ma'aikatansu, ta kuma sa a riƙa rubuta kowane sara, domin babu kasafin kuɗin da zai yiwu ba tare da ƙididdiga ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da magudanan ruwan, ta sa malaman gona su riƙa sayar da takalmin roba da tocila da rahusa kamar yadda ake yi da taki. Gwamnatin Tarayya kuwa ta kafa masana'antar maganin a cikin gida, ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna su kama wannan fanni. Manomin da ke ciyar da birni ya cancanci ya koma gida da ƙafafunsa biyu.