Wasiƙa Zuwa ga Makanikan Garwa a Kan Tayar da Injin Renault 4

Zuwa ga iyayen gidan sana'ar kanikanci na Garwa da kewayenta, da yaran da ke koyo a hannunsu, da kuma waɗanda ba sana'arsu ba ce amma sha'awa ta sa suka jawo tsohuwar mota cikin gida da niyyar tayar da ita da hannunsu.  Ina so ku ba ni aron kunnuwanku game da wata ƙaramar mota wadda dattawanku suka sani sarai, wadda har yanzu akan tarar da gawarta a bayan wani gareji na Yelwa ko Rumde Ajiya, ko a ƙarƙashin darbejiya cikin gidan gado, ƙura ta lulluɓe ta, tayoyinta sun nutse a ƙasa, alhali kuwa injin da ke cikinta bai mutu ba, jiran mai haƙuri yake yi.

Ina nufin Renault 4, wadda aka fi sani da Katrel. Kamfanin Renault na Faransa ya fito da ita a 1961, bai daina ƙera ta ba sai farkon shekarun 1990, bayan an yi sama da miliyan 8. Kuma har gobe tana ɗaukar fasinja a biranen Madagaska, ɗaliban Faransa kuma suna ratsa hamadar Maroko da ita kowace shekara, abin da ya sa ba a daina ƙera kayan gyaranta sababbi ba. Dalilin da ya sa na keɓe ta da magana shi ne hikimar da aka yi wajen gina injinta, domin ramukan da fistin ke kai da kawowa a ciki ba a jikin gangar injin aka huda su ba, riguna ne na ƙarfe guda huɗu, waɗanda kuke kira shemis, ana zura su ana zare su, ruwa yana kewaye da su kai tsaye. Saboda haka duk lokacin da suka cinye, sai a cire a sa sababbi tare da fistin da ringinsu, inji ya koma kamar ranar da ya fito daga masana'anta, ba tare da an kai gangar wajen masu huda ba. Injin da aka yi shi don a riƙa sabunta shi, haƙƙinsa ne a sabunta shi bisa ƙa'ida.

Farkon abin da ya wajaba, tun kafin a ɗauki sifana, shi ne mutum ya tabbatar da wane inji ne a gabansa, domin iri biyu ne, kuma kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya. Akwai tsohon, wanda ake kira Billancourt, wanda ya samo asali tun daga motar 4CV ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mai cc 747 ko 845 galibi, kurankishaf ɗinsa yana kwance a kan mazaunai uku. Akwai kuma na Cléon, mai cc 1108, wanda aka fara sa wa Katrel a 1978, mai mazaunai biyar. Alamar da ido zai gani nan take ita ce lagireto: a tsohon yana manne kusa da inji, a na Cléon kuwa yana can gaba da fankar lantarki. Abin da ya fi wannan muhimmanci, injunan biyu ba ɓangare ɗaya suke juyawa ba, don haka wanda ya haɗa injin Cléon da akwatin giyar Billancourt, ko da ya samu ƙusoshi sun zauna, ya yi aikin banza.

A nan nake so in tsaya in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda a kanta ake karatu a zaurukan unguwar Fulɓere kamar yadda ake yi a Yola da Kano, sun yi bayani a babin ijara cewa mai sana'a yana lamunin abin da ya karɓa ya ɓuya da shi daga idon mai shi, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane almajiri ya bi ta kanta, ta haramta algus da ɓoye aibi a ciniki. To, ban san wata sana'a da wannan hukunci ya fi dacewa da ita kamar haɗa inji ba, gama masaƙi ana iya ɗaga zanensa a rana a ga inda ya yi ha'inci, magini ana iya ƙwanƙwasa bangonsa, amma bakanike da zarar ya ɗaure kan inji ya rufe kaskon mai, babu wanda ya san abin da ke ciki sai shi da Ubangijinsa, kuma aibin da ya bari ba zai bayyana ba sai bayan watanni, a tsakiyar daji tsakanin Ngong da Mbe, da mata da yara a cikin mota. Injin da aka haɗa da algus ma yana tashi, yana kuma yin ƙara mai daɗi a ranar farko. Ke nan tashin inji ba hujja ba ce. Hujjar mai sana'a ita ce awon da ya yi kafin ya rufe.

Ku fara kiyaye wannan amana tun daga kwancewa. Kan injin nan, wato kulas, na alminiyam ne, gangar kuwa baƙin ƙarfe, saboda haka ba a kwance shi da zafi, kuma idan an sassauta ƙusoshi ba a fizge shi sama, sai a bar ƙusa ɗaya a murɗa shi gefe har ya rabu da gaskit, don kada ya ɗago rigunan daga mazauninsu. Da an cire shi kuma sai a danne rigunan da washa da ƙusoshi kafin a juya kurankishaf ko da sau ɗaya. Kowane hannun fistin da murfinsa, kowane murfin mazauni, kowane bawul da sandar da ke tura shi, a yi masa alama a ajiye shi a jere, a kuma tuna cewa Renault daga wajen kuloci take fara ƙidayar silinda ta ɗaya, saɓanin abin da hannunku ya saba da shi a motocin Japan.

Sai babban al'amari, wanda a kansa mafi yawan aikin da ya lalace ya lalace, wato tsayin da riga take yi sama da fuskar ganga. Kowace riga tana zaune ne a kan wani siririn zobe a gindinta, wanda ke hana ruwa gangarawa cikin mai, bakinta na sama kuma dole ya ɗara fuskar ganga da ɗan abin da bai wuce kaurin gashin kai ba, domin idan aka ɗaure kulas, wannan ɗan fifiko shi ne ke matse gaskit a kewayen wuta, ya kuma danne zoben ƙasa. In ya gaza, gaskit ya ƙone ko ruwa ya shiga mai ya mai da shi fari. In ya yi yawa, riga ta lanƙwashe ko ruwa ya tsiyaya ta gefe. In kuwa huɗun ba su daidaita da juna ba, guda ta ɗauke nauyin 'yar'uwarta. Wannan ba abin da yatsa ke ganewa ba ne, komai daɗewar mutum a sana'a. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakin rigar, a zura ma'aunin ganye, ko a yi amfani da agogon awo, a gwada da adadin da littafin kamfani ya faɗa, sa'an nan a zaɓi kaurin zoben da ya dace, tun da yake a injunan da ke amfani da zoben takarda ana sayar da shi kauri daban-daban domin wannan buƙata. Kafin duk wannan sai an kankare mazaunin rigar a cikin ganga har ya yi ƙyalli, domin ƙwayar tsatsa ɗaya a wurin tana rushe awon gaba ɗaya. Idan kuma tsatsa ta riga ta ci mazaunin ta yi ramuka, gaskiya ita ce a gaya wa mai mota a nemi wata ganga, kada a cike wurin da gam a yi shiru.

Kurankishaf kuma a auna kowace gaɓa tasa ta fuska biyu, a ga ko ta zama ƙwai. In ta zama, a kai wa masu wasawa su rage ta zuwa awo na gaba, wanda galibi 0.25 ne na milimita, a sayo kusine, wato ƙarafan da gaɓoɓin ke kwanciya a kai, daidai da wannan awo. Al'adar nan ta goga murfin mazauni a kan dutse, ko cusa guntun gwangwani a bayan kusine don a kashe ƙara, ita ce ainihin ɓoye aibin da malamai suka hana. Idan ya dawo daga wasawa a bi ramukan mai da buroshi da kananzir da iska, domin garin ƙarfen da ya maƙale a ciki zai fito da zafin farko ya cinye sabon kusine. Kuma da yawa daga tsofaffin injunan Billancourt ba su da matacin mai ko kaɗan, abin da ya shiga ya shiga ke nan.

Wannan ya kawo mu ga ƙura, wadda ita ce jarrabawar ƙasarmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke rufe Binuwai har ba a ganin ƙetare sosai, wanda ya shimfiɗa fistin da kusine masu mai a kan buhu a tsakar gida ya riga ya zuba wa injinsa yashi da hannunsa. Ga masu aiki a gida musamman nake faɗin wannan: a kwance a waje in an so, amma a haɗa a cikin ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa, a wanke hannu, abin da ba a gama ba a lulluɓe shi da leda kafin a tafi masallaci.

Game da kaya ba zan tsawaita ba, kun fi ni sanin hanyar Yola da Mubi da Duwala. Injin Cléon ya yi aiki a Renault 5 da 12 da Express da wasunsu, don haka kayansa sun fi samuwa, sai dai kamanni ba ya wadatarwa, a gwada lamba da awo. Riga da fistin da ringi tare aka auna su a masana'anta, tare kuma ake sa su, kibiyar da ke kan fistin tana duban wajen kuloci, bakunan ringi kuma a rarraba su kada su yi layi.

Amma ruwa ya cancanci a dakata a kansa, domin a Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kuma wannan mota tun fitowarta an yi ta ne da rufaffiyar hanyar ruwa, da kwalba a gefe wadda murfinta ke riƙe matsi don ruwa ya jure zafi bai tafasa ba. Wanda ya jefar da kwalbar, ko ya bar murfin da ya mutu, ya rage wa injin kariyarsa. Haka nan ruwan rijiya tsura, idan ya daɗe tsakanin alminiyam da baƙin ƙarfe, yana cin kulas da mazaunin riguna, yana kuma toshe lagireto da farar ƙasa. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa, ko da yake ruwa ba ya daskarewa a Lagdo, maganin tsatsar da ke cikinsa shi ne abin nema. Cire tamostat kuma, wanda ya zama kamar sunna a garejinmu, ba ya warkar da toshewar lagireto, ɓoye ta yake yi, yana kuma sa inji ya daɗe bai ɗumama ba da asubahin hunturu, fetur yana wanke mai daga jikin sababbin riguna.

Ya ku iyayen gida, ina roƙonku kada ku kori yaro zuwa sayen abinci a sa'ar da ake awo. Sana'o'in da jama'a ba sa wadatuwa da barinsu farilla ce ta kifaya a wurin malamai, kuma masu sanin wannan inji suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaran yanzu kuwa sun fi sanin babur da Toyota. Ku ba yaron ma'aunin ya zura da hannunsa har ya ji yadda ganyen ke ja, ku sa shi ya rubuta kowane adadi a littafi, a ba mai mota kwafinsa, domin wanda zai buɗe injin bayan shekara goma ya san inda aka tsaya.

Idan an zo ɗaure kulas, a yi da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, a matakai, sa'an nan a daidaita bawul da sanyi, milimita 0.15 na shiga, 0.20 na fita. Kafin a tayar, a cire fulogi a juya injin da sitata har fitilar mai ta mutu, a sa sabon mataci a hanyar fetur, musamman ga mai sayen fetur ɗin zuwa-zuwa na kwalba a bakin titi, a kuma tabbatar matacin iska ya zauna ba tare da kafa ba. Kwanakin farko a yi ta zirga-zirga tsakanin Garwa da Pitowa, ko a miƙa har Figil da Gidar da sanyin safiya, ana sauya gudu, ba a cika wuta ba, ba a kuma bar injin yana nishi a babbar giya ba. Bayan kilomita 500 zuwa 1,000 a zubar da man farko, a bar mota ta kwana ta huce, a sake ɗaure kulas, a sake awon bawul, a duba sandar mai ko akwai alamar ruwa. Sai an yi wannan ne za a ɗora mata kaya a nufi hawan dutsen Ngaundere.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya tsare hannuwanku. Haza wasalam.