Zumunta a ƙafa take: masu hawan keken dutse na ƙarshen mako

Ranar Asabar ko Lahadi da sassafe, a garuruwa da dama na Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, akan ga mutum biyar, goma ko ashirin sun taru a bakin gari, kowa riƙe da kekensa, hular kwano a ka, gorar ruwa a maƙale. Cikinsu akwai malamin makaranta da likita, akwai mai kanti da bakanike, mutanen da suka share kwana biyar a biro ko a bayan teburin ciniki. Sun nufi tuddai da kwazazzabai da ƴan hanyoyin daji waɗanda mota ba ta shiga, kuma ba za su komo gida ba sai rana ta take, jiki duk ƙura ko taɓo. Keken da suke hawa shi ne Faransawa ke kira VTT, wato keken da ba ya zaɓen hanya: tayoyinsa masu kauri ne don su kama ƙasa, birkinsa mai ƙarfi, ga giya iri-iri mai sauƙaƙa hawan tudu. Abin da ya kamata mai karatu ya duba a nan shi ne dalilin da ya sa mutanen nan ke jiran juna, alhali kowa da kekensa da ƙafafunsa, babu mai taka wa wani feda.

Tun asali wasan na abokai ne. A Ingila, cikin shekarar 1955, wasu masu sha'awar bin hanyoyin karkara da keke suka kafa ƙungiyar Rough Stuff Fellowship, wadda har a sunanta akwai kalmar abota. Amma keken dutse kamar yadda aka san shi yau, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya ya samo tushe, arewa da birnin San Faransisko. A can ne, cikin shekarun 1970, wasu samari suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faɗin taya, suna gyara su, suna gangarowa da su daga duwatsun yankin Tamalpais. Gardama ta kaure tsakaninsu a kan wane ne ya fi gudu, sai ran 21 ga watan Oktoba na 1976 suka shirya tsere kusa da garin Fairfax, a kan wata gangara mai tsawon wajen kilomita 3, wadda ke sauka kimanin mita 400. Birkin tsofaffin kekunan nan cikin cibiyar tayar baya yake, kuma kafin a kai ƙasa zafi ya ƙone giris ɗinsa ƙurmus, dole a kwance shi a sake cusa wani. Daga wannan sake cusa giris ne tseren ya sami sunansa na Repack. Gary Fisher ya gangaro cikin minti 4 da daƙiƙa 22, Joe Breeze kuwa ya fi kowa yawan cin tseren. Shi Breeze ɗin ne a 1977 ya ƙera keke na farko da aka yi musamman domin wannan aiki, kuma abokan hawansa ne suka sayi waɗanda ya ƙera bayansa.

Wanda ya san tsarin ayarin fatake ba zai sha wuyar gane tsarin irin wannan tafiya ba. Akwai jagaba wanda ya san hanya, shi ke gaba. Akwai wani gwani da ake bari a can baya da gangan, aikinsa ya tabbata babu wanda ya ɓace ko ya faɗi ba a sani ba. Duk inda hanya ta rabu biyu, na gaba sukan tsaya sai an ƙirga kowa. Idan ƙaya ko tsinin dutse ya huda tayar mutum ɗaya, tafiya ta tsaya ke nan ga kowa: wannan ya fiddo famfo, wancan ya miƙo faci, wani ya riƙe keken. Idan kaca ta tsinke, da wuya a rasa mai ɗan ƙarfen haɗa ta cikin jakarsa. Tilas ce ta kawo wannan ladabi, domin mutumin da ya karye a ƙashin wuya kilomita 15 daga kwalta, a wurin da wayar salula ba ta kamawa, ba shi da asibitin da ya wuce abokan tafiyarsa, sai an fito da shi. Wanda ya tsaya wa wani yau ya san gobe ana iya tsaya masa.

Tudu kuma bai san muƙami ba. Shugaban ma'aikata da ƙaramin akawunsa numfashi ɗaya suke yi a kan hawa, kuma sau da yawa ƙaramin ne ke kaiwa sama ya juyo yana ba babban ƙarfin gwiwa. Mutumin da aka gan shi ya sauka yana tura keke, gumi na zuba, ko ya kife cikin taɓo aka tashe shi ana dariya, girman kai ya yi masa wuya bayan haka. Shi ya sa hirar da ake yi bayan an sauko, wajen shan gahawa ko cin ɗan abinci, takan kai inda hirar biro ba ta kaiwa: bashin da ya hana barci, rashin lafiyar iyali, aikin da ake tsoron rasawa. Abin ya yi kama da fada, sai dai ita wannan fadar ba ta da tabarma, kuma sai an sha wuya tare kafin a zauna.

Amma zumunta ba ta rasa magabta, kuma na farkonsu kuɗi ne. A 1979 Gary Fisher da abokinsa Charlie Kelly suka buɗe kamfani mai suna MountainBikes, Tom Ritchey yana ƙera musu gangar jikin kekunan da hannu. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da keken Stumpjumper, ƙirar Japan, a kan dalar Amurka 750, ƙasa ƙwarai da kuɗin na hannu, kasuwa ta buɗe. Zuwa 1983 haɗin gwiwar Fisher da Kelly ya watse, a 1993 kuma kamfanin Trek ya saye na Fisher. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa haɗa jari da amininsa ya san yadda irin wannan labari yake tafiya. Wasan ya ci gaba da girma: gasar duniya ta farko a ƙarƙashin hukumar kekuna ta duniya, UCI, an yi ta a Durango ta Amurka a 1990, ya shiga wasannin Olimpik a Atlanta a 1996, inda Bart Brentjens na Holand da Paola Pezzo ta Italiya suka ɗauki zinariya. A Faransa, tseren Roc d'Azur da aka fara a 1984 da mutum 7 ya zama taron dubban mahaya. Da girman ya zo, tsada ta biyo shi, har ya zama a wasu ƙungiyoyi ana duban keken mutum kafin a dubi fuskarsa, mai tsohon keke ya ji kunya ya daina zuwa.

Magabci na biyu shi ne gaggawa. Ƙungiyar da gwanayenta suka mai da kowace Lahadi ranar tsere, sabon shiga zai zo sau ɗaya, a bar shi a baya shi kaɗai, ba zai sake dawowa ba. Dattijon cikinsu ma ya janye a hankali. Keke mai batir, wanda UCI ta fara yi wa gasar duniya a 2019 a Kanada, ya zo da sabuwar gardama: wasu na ganin ha'inci ne, wasu kuwa na ganin shi ne ya bar mai shekaru 65 ko mai ciwon gwiwa cikin abokansa. Ƙungiyar da ta san abin da ya tara ta ba ta daɗewa a kan wannan gardama.

Na uku shi ne maƙwabta. Daji yana da masu shi: masu tafiya a ƙasa, masu dawaki, makiyaya da manoma. A Kalifoniya, gudun ganganci na wasu mahaya ya jawo ƙorafi har hukumomi suka fara rufe hanyoyi. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi biyar na jihar suka haɗu a 1988 suka kafa IMBA, wadda ta shimfiɗa ƙa'idoji shida: a bi hanyar da aka yarda a bi kaɗai, kada a bar ɓarna a baya, mahayi ya mallaki kekensa, ya ba wasu hanya, kada ya firgita dabbobi, ya yi shiri tun kafin ya fito. Ƙungiyoyi da yawa sukan ware rana su ajiye kekuna, su ɗauki shebur da diga su gyara inda ruwa ya zaizaye, tamkar gayya. Sun gane cewa laifin mahayi ɗaya, duka ƙungiya ke biyansa.

A Afirka ta Kudu an mai da wannan ɗabi'a doka. Tseren Cape Epic, wanda aka fara a 2004, kwana 8 ake yi ana ratsa duwatsun lardin Kap ta Yamma, ɗaruruwan kilomita, kuma mutum biyu-biyu ake shiga. An hana abokan hawa su yi nisan da ya wuce minti 2 tsakaninsu, wanda ya saɓa a hukunta su duka biyun. Komai ƙarfin mutum, gudun abokinsa shi ne gudunsa. In abokin ya gaji sai ya shiga gabansa ya tare masa iska.

Ruwanda kuwa ta nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa. Tom Ritchey ɗin nan na Kalifoniya ya ziyarci ƙasar a 2005, ya ga manoma na dakon kaya a kan kekunan katako, ya ƙera musu keke mai dogon baya na ɗaukar buhunan gahawa, aka kuma shirya tsere a 2006. Daga nan aka tsamo samarin da suka zama ƙungiyar ƙasa. Cikinsu akwai Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa ƴan'uwansa maza 6 a kisan ƙare dangi na 1994. Samarin da suka tashi cikin wannan masifa suka zauna gida ɗaya, suka ci abinci tare, suka yi atisaye tare. A 2012 Niyonshuti ya riƙe tutar ƙasarsa a Olimpik na Landan, ya kuma kammala tseren keken dutse. Bai sami lambar yabo ba, amma ya kai ƙarshe, daga baya kuma ya buɗe makarantar koyar da yara tseren keke a Rwamagana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, domin rage haɗarin hawan jini da ciwon suga, cututtukan da ke bin mai yawan zama, ko a biro ko a kanti. Sanin wannan bai taɓa tada kowa daga shimfiɗa da asuba ba. Abin da ke tada mutum shi ne sanin cewa akwai mutum bakwai tsaye a mararraba, sun ƙi tafiya sai ya zo, kuma idan bai zo ba za a buga masa waya a ji ko lafiya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Masu keken dutse sun ƙara mata feda, sun sa mata rana da sa'a, sun kuma yarda cewa na baya shi ke yanke saurin ayari. Sai mako mai zuwa.