Wasiƙa ga Masu Karanta Abin da Allura ta Tsotso daga Fankiriyas

Abokan aiki,

Maganata a kan takardar sakamako ce, musamman wadda muke rubuta wa "ba a ga ciwon daji ba" bayan an soka allura a ƙullutun fankiriyas.

Tun 1992 da Peter Vilmann da abokan aikinsa a Danmak suka ba da rahoton tsotso samfur daga wannan gaɓa ta bututun kyamara mai ɗauke da na'urar sikanin, aka rage farke cikin mutane don kawai a san abin da ke damunsu. Wani nazari na 2012 da ya tattara bincike 33 ya nuna cewa cikin masu dajin 100, allura tana kama kimanin 85, cikin marasa shi kuma 98 take wankewa daidai. Saboda haka in kun ga daji ƙuru-ƙuru a gilashi, ku faɗa gaba gaɗi. Sauran 15 ɗin nan su ne ke hana ni sakewa.

Dajin fankiriyas yakan naɗe kansa da nama mai tauri, ƙwayoyinsa ƙalilan ne a warwatse a ciki. Allura sai ta shiga ta fito da jini da tabo kawai. In kuma mutum ya daɗe da kumburin fankiriyas, abin ya ƙara dagulewa: akwai binciken da kamun allura ya faɗo har kashi 54 cikin ɗari a irin waɗannan majinyata. Ga kuma hanyar da take bi. Kan fankiriyas ta farkon ƙaramin hanji ake isa gare shi, jiki da wutsiya ta tumbi, don haka lafiyayyun ƙwayoyin da kuke gani a jere ƙila na bangon hanji ne da allura ta kwaso a hanya. Ku tambayi wanda ya soka ta inda ya bi. In bai rubuta ba, ku kira shi.

Shi ya sa nake roƙon ku raba "samfur bai isa ba" da "babu daji". Tsarin da Ƙungiyar Papanicolaou ta fitar a 2014 ya ba kowanne gurbinsa daban. A ce dattijo ya rame, idonsa ya yi ɗorawa, hoto ya nuna ƙullutu a kan fankiriyas, gilashi kuwa bai nuna komai ba sai lafiyayyun ƙwayoyi: wannan allura ce ta kauce. Ku rubuta haka, ku nemi a sake. In kuka ce babu, gida za a sallame shi.

Kada kuma tsoro ya kai mu ɗaya gefen. Kalmarmu guda tana iya jawo tiyatar Whipple, a cire kan fankiriyas da farkon hanji da madaciya. Kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa, mai alaƙa da IgG4, yana kama da daji a hoto, alhali maganin sitiroyid yana kwantar da shi. A ƙasashenmu kuma kada a manta da tarin fuka, shi ma yana fito da ƙullutu a nan. A ware wani ɓangaren samfur don gwajinsa. Kalmar "ƙwayoyi marasa tabbas" kuwa, in za ku rubuta ta, ku bayyana abin da ya sa ku shakka, domin wasunmu sun mai da ita maɓoya.

In da hali, ku tsaya a ɗakin da ake sukar, ku duba gilashin farko nan take, kafin a zare bututu. Ku daskarar da ragowar samfur don rini na musamman, da shi ake raba ire-iren ƙarin da suka yi kama da juna. Ƙullutu mai ruwa kuwa ƙwayoyinsa ba su da yawa, duba gilashi kaɗai ba ya wadatarwa. A aika ruwan a auna CEA, in ya haura 192 ng/mL a fi zaton mai yauƙi ne, amma wannan adadi ba ya nuna daji ne ko ba daji ba.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a wannan aiki.